Ra'ayinmu: "Me Ya Sa Kake Son Barin Inda Kake?"

Duk lokacin da wata hukuma ta ba da sanarwar ɗaukar malamai, ko wata babbar makaranta ta buɗe ƙofar neman ma'aikata, 'yan'uwanmu sukan shiga hidimar shiri. Wani yana neman wanda zai duba masa takardar neman aiki, wata tana harhaɗa takardun shaidar karatu, wani kuma ya kwana yana bitar dabarun koyarwa da ya baro tun yana kwalejin ilimi. Duk wannan shiri ne mai kyau. Sai dai akwai tambaya guda wadda kusan kowane kwamitin tantancewa yake yi wa malamin da ke da aiki a hannu, kuma ita ce mafi yawanmu ba ma yi wa tanadi: me ya sa kake son barin inda kake? Malami ya amsa tambayoyin manhaja da na kula da aji ba gargada, amma da an zo nan sai harshe ya sarƙe. Ko dai ya yi kame-kame har a ɗauka yana ɓoye wani laifi, ko kuma ya buɗe baki ya amayar da takaicin shekara da shekaru a gaban mutanen da yau ya fara ganinsu. Mun ga ya dace wannan fitowa ta tsaya a kan wannan tambaya, domin abin da ke rataye da amsarta ya wuce samun aiki ko rasa shi. Sunan malami yana ciki, shekarun aikinsa suna ciki, haka nan yaran da zai bari a aji.

Mu fara da abin da kowa ya sani. Neman sauyin wurin aiki ba abin kunya ba ne, kuma ba cin amanar sana'a ba ne. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota da na abinci suka cinye albashin da dama can ba ya kai ƙarshen wata. A 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashi daga Naira 30,000 zuwa Naira 70,000, amma malaman firamare a wurare da dama sun daɗe suna jiran ganin wannan ƙari a aljihunsu. Dokar kuma ba ta hau kan wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, abin da ya bar malaman ƙananan makarantu masu zaman kansu a hannun mai makaranta, ya biya abin da ya ga dama. Ga ƙarin girman da ake yi a takarda ba a gani a albashi, ga ariyas da ke taruwa, ga makarantun karkara da rashin tsaro ya mayar da zuwa cikinsu kasada. Saboda haka malamin makarantar kuɗi yana hangen aikin gwamnati, na firamare yana hangen sakandare, na jiha yana hangen kwalejojin tarayya, wasu ma sun ɗaga kai zuwa ƙetare tun da Ingila ta buɗe wa malaman Najeriya na wasu fannoni damar neman shaidar koyarwa a can a 2023. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba mu da ta cewa ga wanda ya auna halin da yake ciki ya yanke shawarar gusawa, illa mu taimaka masa ya gusa da mutuncinsa.

To, me mai tambayar yake nema? Yana da kyau mu fahimci cewa kwamitin da ke gabanka ba kotu ba ce, ba zai biya ka bashin albashinka ba, ba zai hukunta hedimastan da ya zalunce ka ba. Abin da ke ransa shi ne makarantarsa. Yana so ya san ko da ƙafarka za ka fita ko kuwa turo ka ake yi. Yana so ya gane ko abin da ya kore ka daga can yana nan a wurinsa, domin idan nisa ne ya dame ka, shi kuma ƙauye zai tura ka, ya san ba za ka shekara ba. Sannan yana sauraron yadda kake ambaton mutanen da ka zauna da su, saboda ya tabbata wata rana haka za ka ambace shi. Wanda ya zauna ya kwance wa tsohon shugabansa zani a kasuwa ya riga ya nuna wa sabon abin da ke jiransa. Wannan ne dalilin da ya sa malami mai gaskiya, wanda aka cuta da gaske, yakan fito daga ɗakin ganawa a matsayin mai tsegumi, alhali kuwa duk abin da ya faɗa ya faru. Baki shi ke yanka wuya.

Matsayinmu a kan wannan a fili yake. Malami ya faɗi gaskiya, ya taƙaita ta, ya kuma karkata ta zuwa ga aikin da yake nema. Gaskiya ta zo farko saboda duniyar malanta ƙarama ce. Sakataren ilimin wannan ƙaramar hukuma ajinsu ɗaya da firinsifal ɗin waccan makaranta, mai makarantar da ka baro suna haɗuwa da wanda kake nema wajensa a taron masu makarantu, kuma kiran waya ɗaya ya isa ya rushe labarin da aka ƙaga. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Taƙaitawa kuwa saboda jimla biyu ko uku sun wadatar, duk abin da ya ƙaru a kai yakan zama ƙofar wata tambayar da ba ka shirya mata ba. Karkatawa zuwa gaba ita ce ke nuna cewa akwai abin da ka zo nema, ba gudu kawai ka yi ka faɗo inda ƙafa ta kai ka ba. Yawancin irin wannan ganawa da Turanci ake yin ta, don haka wanda ya tsara amsarsa a zuci da Hausa ya zauna ya mayar da ita cikin harshen da za a tambaye shi, ya furta ta da baki a gaban wani abokin aiki kafin ranar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bari mu ɗauki dalilan ɗaya bayan ɗaya, mu fara da wanda ya fi yawa, wato albashi. Akwai masu ba da shawarar cewa kada a kuskura a ambaci kuɗi a wurin ganawa, wai hakan yana nuna kwaɗayi. Mu ba mu yarda da wannan ba. Ƙungiyar da aka kafa tun 1931 domin kare haƙƙin malami ba za ta koya wa 'ya'yanta jin kunyar neman ladan guminsu ba. An daɗe ana yi mana daɗin baki da cewa ladan malami yana lahira, alhali mai gidan haya da mai shago a nan duniya suke karɓar nasu. Abin lura kawai shi ne yadda za a faɗa. Akwai bambanci tsakanin wanda ya ce mai makarantarsu azzalumi ne mai cin gumin talaka, da wanda ya ce: "Ranka ya daɗe, na yi shekara huɗu ina koyar da lissafi a can, na kuma ji daɗin aiki da yaran. Amma albashi ba ya zuwa a kan lokaci, ni kuwa ina da iyali. Ina neman wurin da zan tattara hankalina a kan aji ba tare da tunanin abin da za a ci a gida ba." Na biyun bai ɓoye komai ba. Ya faɗi abin da ya faru, bai yanke wa kowa hukunci ba, ya kuma nuna cewa natsuwarsa ribar ɗalibai ce. Idan kwamitin ya ƙi mutum saboda ya ce yana son a biya shi a kan kari, to Allah ne ya tsare shi daga wurin da zai sake shiga irin halin da ya baro.

Dalili na biyu shi ne neman ci gaba a sana'a, kuma shi ne mafi sauƙin faɗa idan da gaske ne. Malamin da ya shiga aiki da takardar NCE, ya yi ta fama da karatun hutu har ya sami digiri, ya yi rajista da hukumar TRCN, yana da hujjar neman wurin da za a yi amfani da abin da ya ƙaro. Malamar da ta karanta kimiyyar sinadarai amma aka ba ta aji uku na firamare tana koyar da kowane darasi tana da hujjar neman sakandaren da ke da ɗakin gwaje-gwaje. Sharaɗin kawai shi ne a kawo zahiri. Cewa "ina son ci gaba" magana ce da kowa yake yi, ba ta bambanta ka da mutum hamsin da ke layi a waje. Faɗi abin da ka karanta, da abin da kake koyarwa yanzu, da abin da ka san wannan makaranta tana da shi wanda zai ba ka damar yin aikin da ka ƙware a kai. Wannan yana bukatar ka yi bincike a kan wurin tun kafin ka je, ka san azuzuwansu da darussan da suke da ƙarancin malamai.

Na uku shi ne iyali, da nisa, da lafiya, da tsaro. Waɗannan dalilai ne da kowane mai hankali yake ganewa, ba sa bukatar ado. Wanda aka yi garkuwa da mutane a hanyar makarantarsa, ko aka rufe makarantar saboda hare-hare, ya faɗi haka kai tsaye. Wanda mahaifinsa ya tsufa yana son ya matso kusa da gida ya faɗi haka. Muna da jan hankali na musamman ga 'yan'uwanmu mata, domin su ne aka fi bi da tambayoyin da suka wuce gona da iri: ko maigida ya amince, ko akwai juna biyu, ko haihuwa nawa ake shirin yi. Malama ba ta da wajibcin buɗe sirrin gidanta domin ta sami aiki. Ya isa ta ce iyalinta sun koma wannan gari, ta zauna daram, kuma a shirye take ta riƙe aji daga farkon shekara zuwa ƙarshenta. Abin da kwamitin yake da haƙƙin sani shi ne ko za ta zo aiki ta kuma yi shi, sauran kuwa tsakaninta da gidanta ne. Haka ma batun rashin lafiya. A faɗi cewa an yi jinya an warke, ko ana bukatar kusanci da asibiti, ba sai an zayyana cutar ba.

Na huɗu shi ne mafi santsi, wato saɓani da shugaba. Kowa a cikinmu ya san akwai shugabannin makarantu masu adalci, akwai kuma waɗanda zama da su sai haƙuri. Akwai inda ake raba darussa da son kai, akwai inda takardar tuhuma ta zama sandar duka, akwai inda ake wulaƙanta malami a gaban ɗalibansa. Duk da haka muna ba da shawarar kada a kama suna, kada a ba da labarin rigimar dalla-dalla. Kwamitin bai ji ta bakin ɗaya ɓangaren ba, kuma yawanci waɗanda ke zaune a kansa shugabanni ne su ma, zuciyarsu za ta fi karkata ga takwaransu. Abin da ya fi shi ne a juya saɓanin ya zama bayanin irin yanayin da mutum yake aiki da kyau a cikinsa: "Na fi ba da amfani a wurin da ake zama da malamai a tattauna kafin a yanke shawarar da ta shafi aji, kuma na ji cewa haka tsarinku yake." Idan aka matsa da tambaya, a amsa cewa an sami bambancin fahimta a kan wani al'amari na aiki, an bi hanyar da ta dace, kuma an rabu ba tare da gaba ba, in har hakan ne ya faru. Magana zarar bunu ce, idan ta fita ba ta komawa.

A nan akwai togaciya da ba za mu tsallake ba. Wani malamin yana barin makaranta ne saboda an nemi ya rubuta wa ɗalibai amsa a allo ranar jarrabawar WAEC ko NECO, ko ya ƙara wa ɗan wani maki, ya ƙi. Wannan ba saɓani ne na son rai ba. Satar jarrabawa laifi ne a ƙarƙashin dokar ƙasa ta 1999, kuma malamin da ya ƙi sa hannu a ciki ya cancanci yabo. Irin wannan malami yana iya cewa an nemi ya yi abin da ya saɓa wa ƙa'idar jarrabawa da ta sana'arsa, shi kuwa ba zai iya ba, ba tare da ya ambaci wanda ya nema ba. Makarantar kirki za ta ƙara son sa saboda wannan amsa. Idan kuwa abin da ya gani cutar da yara ne, ta duka mai raunatawa ko ta lalata, to wurin faɗarsa hukuma ce, kuma tun kafin ya fara neman wani aikin. Kame baki a ɗakin ganawa ladabi ne, amma yin shiru a bar yaro a hannun mai cutar da shi ba ya cikin abin da muke kira ladabi.

Na biyar shi ne wanda aka sallama ko aka kora. Wannan ne wurin da jarabar yin ƙarya ta fi ƙarfi, kuma nan ne ƙarya ta fi tsada. Ya kamata kowa ya san sunan abin da ya same shi kamar yadda yake a takarda, domin ajiye aiki daban, ƙarewar kwantiragi daban, rage ma'aikata daban, sallama daban, kora saboda babban laifi kuma daban. Wanda ya yi aikin N-Power na koyarwa wa'adinsa ya ƙare ba korarre ba ne. Wanda makarantarsu ta rufe saboda ɗalibai sun ragu ba shi da abin ɓoyewa. Ko waɗanda guguwar gwamnati ta kwashe, irin malaman firamare sama da 21,000 da aka sallama a Jihar Kaduna bayan jarrabawar gwaji ta 2017, labarinsu sananne ne ga duk mai harkar ilimi, kuma ƙungiya ta yi jayayya da yadda aka gudanar da lamarin a lokacinsa. Wanda abin ya shafa ya faɗi haka a jimla ɗaya, sannan ya nuna abin da ya yi tun daga ranar: karatun da ya ƙaro, jarrabawar ƙwarewa da ya ci, wuraren da ya koyar. Wanda kuma aka sallama bisa kuskurensa, gara ya amsa da bakinsa a taƙaice, ya faɗi gyaran da ya yi, da a ce kwamitin ya ji daga wani bakin bayan an ba shi aiki. Bayanin ƙarya a takardar neman aikin gwamnati dalili ne na kora ko da bayan shekaru ne aka gano.

Akwai kuma waɗanda aka takura wa saboda harkar ƙungiya. Sashe na 40 na kundin tsarin mulkin ƙasa ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin shiga ƙungiyar ƙwadago domin kare muradunsa, don haka ba laifi ba ne a ce mutum ya taɓa zama wakilin malamai a makarantarsa. Ba ma so ɗan ƙungiya ya yi musun ƙungiyarsa domin neman shiga. Ya bayyana aikin da sunan da ya dace da shi: ya wakilci abokan aikinsa, ya zauna da hukuma a teburi, ya koyi sasanta mutane. Waɗannan halaye ne da kowace makaranta take bukata a wurin malamin da wata rana zai zama shugaba.

Wani zai ce, ashe ƙungiya tana koya mana rufa wa azzalumai asiri ke nan? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba za mu kauce mata ba. Amsarmu ita ce kowace magana da wurinta. Ƙorafin da aka zube a gaban kwamitin ɗaukar aiki ba ya dawo da ko sisin kwabo, iyakarsa ya rage wa mai yin sa daraja. Ƙorafin da aka rubuta, aka haɗa da takardar ɗaukar aiki da shaidar biyan albashi ta banki, aka kawo ofishin reshe, shi ne wanda ake iya ɗauka a kai gaban sakataren ilimi, ko hukumar SUBEB, ko ma'aikatar ilimi, in ta kama har Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta hurumin shari'o'in da suka shafi aiki da albashi. Abin da muke gani sau da yawa shi ne akasin haka. Malami ya yi shiru shekara uku ana cin haƙƙinsa, bai taɓa rubuta ko layi ɗaya ba, sai ranar ganawa ya fashe. Ya yi shiru a inda magana take da amfani, ya yi magana a inda shiru ya fi. Mu juya wannan tsari. Barin wurin aiki kuma ba ya shafe bashin da ake bin mai aiki, haƙƙinka yana nan ko ka tafi.

Amsa mai kyau ba ta tsayuwa sai da fita mai kyau, domin tambayar da ke biye ita ce: yaushe za ka iya farawa? Wanda ya ce gobe, alhali yana riƙe da ajin da zai zauna jarrabawar fita nan da wata biyu, ya gaya wa kwamitin cewa haka zai yi musu su ma. A duba takardar ɗaukar aiki a ga notis ɗin da aka yi yarjejeniya a kai. Dokar Ƙwadago, ga ma'aikatan da ta shafa, ta sa mako ɗaya ga wanda ya haura wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu ga wanda ya yi shekara biyu bai kai biyar ba, da wata ɗaya ga wanda ya yi shekara biyar ko fiye. Wannan shi ne mafi ƙaranci. Ladabin sana'armu ya fi son a kai ƙarshen zango in da hali, a gama makin jarrabawa, a cike rajista da katin sakamako, a miƙa littattafai da bayanin inda aka tsaya a manhaja ga wanda zai gaje ka. Yaran nan ba su ne suka hana ka albashi ba. Kada fushin da ake yi da babba ya sauka a kan ɗan shekara tara da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ga ma'aikatan gwamnati akwai ƙarin hattara. Wanda zai tashi daga wata hukuma zuwa wata ya bi ta hannun shugabansa, ya nemi a yi masa canjin wurin aiki tare da shekarunsa, maimakon ya ajiye aiki ya soma daga farko. Dokar 2022 ta kai shekarun ritayar malami zuwa 65 na haihuwa ko 40 na aiki, ko da yake jihohi sun bambanta wajen aiwatar da ita, saboda haka kowace shekara da aka yi tana da daraja a lissafin ƙarshe. Wanda yake cikin tsarin fansho na karo-karo ya sani cewa asusunsa nasa ne, yana bin sa duk inda ya koma, kuma dokar 2014 ta sa mai aiki ya zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8. Ba kowace jiha ce take kan wannan tsari ba, don haka a tambaya kafin a sa hannu. Kada kuma kowa ya ajiye aikin da ke hannunsa bisa alkawarin baka, sai takardar sabon aiki ta shigo hannu, in ba haka ba a saki reshe a kama ganye. Mafi muni shi ne a ɓace ba sallama, ko a ci gaba da karɓar albashi biyu. Tantance ma'aikata ta lambar banki ta sa irin wannan ba ya ɓoyuwa, kuma ƙarshensa kora da zubewar suna.

Muna da magana kuma ga waɗanda ke ɗaya gefen teburin, domin da yawansu namu ne. Firinsifal da daraktan da ke yin tambayar yau, jiya su ma alli ne a hannunsu. Muna roƙonsu su yi wannan tambaya da adalci. Malamin da ya ce watanni ba a biya shi ba, gaskiya ya faɗa, kada a rubuta shi a matsayin mai taurin kai. Malamar da ta ce tana tsoron hanyar makarantarta ba raguwa ba ce. Shugaban da malaminsa ya zo masa da takardar neman tafiya kuma ya sa hannu da zuciya ɗaya, ya rubuta masa shaidar da ta dace da aikinsa. Riƙe takardar mutum a aljihun tebur domin a hana shi gaba zalunci ne, kuma reshe ba zai yi shiru a kansa ba ko da mai yin sa ɗan ƙungiya ne.

Hukumomi da masu makarantu su ma akwai darasi a nan idan suna so su ɗauka. Da za a tattara amsoshin da malamai suke bayarwa ga wannan tambaya guda a ɗakunan ganawa, da an sami cikakken bayanin ciwon da ke damun ilimi ba tare da an kafa wani kwamitin bincike ba. Albashi a kan lokaci, ƙarin girma mai zuwa da kuɗinsa, aji mai yawan da malami ɗaya zai iya riƙewa, makaranta mai katanga da tsaro, shugabanci mai mutunta na ƙasa. Duk makarantar da ƙwararrun malamanta suke fita ɗaya bayan ɗaya, ta daina tambayar me ya same su, ta tambayi kanta. Ƙungiya za ta ci gaba da bin waɗannan bukatu a teburin tattaunawa, domin burinmu shi ne a wayi gari malami yana sauya wuri don ƙarin ilimi da ɗaukaka, yunwa da tsoro ba su ne suke kora shi ba.

Kafin wannan rana ta zo, kiranmu ga 'yan'uwa shi ne kowa ya adana takardunsa: ta ɗaukar aiki, ta tabbatarwa, ta ƙarin girma ta ƙarshe, shaidar rajistar TRCN, da kwafin duk wasiƙar da ya taɓa rubutawa ko aka rubuta masa. Wanda aka gayyata ganawa ya nemi wani dattijo a cikinmu da ya taɓa zama a kwamiti, su yi gwaji tare, a yi masa tambayar nan a ji yadda za ta fito. Iyalanmu da ke karanta wannan shafi su ma suna da rawar takawa, domin a gida ake fara yanke shawarar tafiya, kuma maigida ko uwargidan da ta san dalilin da za a faɗa ita ce farkon mai gyara shi. Ƙofar ofishin reshe a buɗe take ga mai ƙorafi da mai neman shawara. Allah ya sa duk wanda ya tashi ya sauka a inda ya fi, ya kuma ba waɗanda suka zauna haƙuri da sakamako mai kyau.